Motar Technic ɗina tana ƙat-ƙat in ta zo hawa, inji zan ƙara ko yaya?

Baban_Walid

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu haɗa motocin LEGO Technic, wato kayan wasan nan na roba masu giya da sanduna da ake harhaɗawa, ku taimaka min da shawara. Akwai wani buhun tarkacen Technic da na samu a gwanjo, ciki har da babban inji ɗaya XL na Power Functions, wato tsarin injunan lantarki na LEGO, da akwatin batir ɗin nan mai cin batir shida, sai manyan tayoyi guda huɗu irin na motar Unimog ta LEGO. Ni da yarona muka zauna muka haɗa wata 'yar akori-kura mai ja da ƙafa huɗu, ba littafi muka bi ba, da ka muka yi abinmu. A kan tayil tana tafiya lafiya lau, amma da zarar ta zo hawa, ko da dokin ƙofa ne ko na jingina mata katako, sai ka ji ƙat-ƙat-ƙat daga cikinta, inji na ta juyawa tayoyi kuwa sun tsaya cak. Wani lokacin kuma taya ɗaya ce za ta ɗaga sama ta yi ta wulwulawa ita kaɗai.

Yadda haɗin yake: a bakin inji na sa giya mai haƙora 8 tana juya mai 24, daga nan sanda ɗaya doguwa ta tafi gaba da baya zuwa difarenshal biyu, wato giyoyin da ke raba wa tayar hagu da ta dama juyi. To in na sayo XL na biyu na haɗa musu ƙarfi zai magance? Sannan maganar rimot, har yanzu da makunnin akwatin batir muke tayar da ita, yaron ne ke bin ta da gudu yana kashewa. Wanne zan saya tsakanin na infrared da na Bluetooth? A tsakar gida za mu fi wasa da ita, kuma gaskiya kuɗin ba su da yawa.

Kanike_Fagge

Wa alaikumus salam Baban Walid. Kar ka sayi inji tukuna. Wannan ƙarar da kake ji ba ta rashin ƙarfi ba ce, da ƙarfi ne ya gaza da sai dai ka ji injin ya yi gurnani ya tsaya. XL ba shi da gudu, juyinsa wajen 220 ne a minti in ba kaya a kansa, amma ƙarfin murɗawarsa ya isa ya murɗe sandar roba ta koma kamar igiya. Ƙat-ƙat ɗin nan haƙoran giya ne ke tsallake juna, saboda in kaya ya yi nauyi giyoyin biyu suna ture juna ne, to in abin da ya riƙe sandunansu yana da sassauci ko kaɗan sai su buɗe haƙori ya zame. Ka ƙara inji kaga ka ninka abin da ke ture su kenan, ƙarshenta ka cinye haƙoran.

Abin da za ka fara yi, ka cire bodin gaba ɗaya ya rage ƙashin motar, ka sa Walid ya riƙe tayoyin da hannu kai kuma ka kunna na ɗan lokaci kana kallo, da idonka za ka ga inda ake tsallen. Ni na fi zargin wajen difarenshal, don a nan ne juyi ke karya kwana, kuma giyar da ke karya kwana ta fi kowacce son gudu baya. Maganinta firam ɗin nan mai 5 da 7, wanda yake a dunƙule guda ɗaya. Ka sa difarenshal mai haƙora 28 a cikinsa da giya mai 20, sun dace da shi daidai, ba inda za su motsa. Sauran giyoyin ma ka tabbatar sandunan biyu sun ratsa ta cikin doguwar roba ɗaya mai ramuka, ta gaba da ta bayan giyar duka, ba wai ɗaya a wannan bulo ɗaya a wancan an danna su a kan juna ba. Bulo da aka danna kawai ba ya riƙe irin wannan ƙarfin, sai an ɗaure shi da fil ta tsaye.

Na biyu kuma shi ne ya fi muhimmanci a wajena: inda ka rage gudun. Kai ka rage shi tun a bakin inji, 8 zuwa 24, wato gudu ya ragu sau uku ƙarfi ya ninku sau uku, to duk abin da ke bayan nan, doguwar sandar da gaɓoɓinta da difarenshal, duk suna ɗauke da ƙarfin nan mai ninki uku. Masu haɗa motocin hawa akasin haka suke yi, suna barin sandar tsakiya ta yi ta gudu da ɗan ƙarfi kaɗan, sai an zo dab da taya sannan a rage. Gudun motar a ƙarshe ɗaya ne, amma cikin motar ya huta. Tunda ka ce tayoyin Unimog ne, ka zazzage buhun nan da kyau, Unimog 8110 na 2011 ya zo da wasu gidajen taya masu wajen sa giya biyu a ciki, ɗaya sama ɗaya ƙasa. In suna nan ka dace, ka mayar da 8 da 24 ɗin can, kuma za su ɗaga maka cikin motar daga ƙasa. Kamfanin ma da kansa hanyar da ya bi kenan, motar 42099 ta 2019 a cikin gidan tayar aka sa giyoyin da ke rage gudu fiye da sau biyar.

Sadiq_4x4

Ni dai ban ga laifin inji biyu ba fa Malam Kanike. Crawler 9398 ta 2012 ai inji biyu gare ta na L, kuma tana hawa sosai.

Baban Walid maganar tayar da ke wulwulawa a iska kuwa wannan aikin difarenshal ne, haka aka yi shi, yana tura juyi ne zuwa tayar da ta fi sauƙin juyawa don mota ta iya shan kwana, to taya na rabuwa da ƙasa shikenan duk juyin ya tafi wajenta. Shi ya sa masu gasar hawa da manyan motocin LEGO a irin su Foland da yawansu ba sa sa shi kwata-kwata, giya zalla suke sawa tayoyin biyu su juya tare. Ni shawarata ka cire na baya ka bar na gaba, don in ka cire duka biyun motar za ta ƙi shan kwana a kan tayil, ta dinga turjewa. Zetros 42129 da ta fito 2021 ita an yi mata makulli ne da ake kulle difarenshal daga waya in an zo hawa a buɗe in an sauka, amma wannan haɗin sai ka ƙware. Kuma akwatin batir ɗin nan shi ne abu mafi nauyi a motarka, ka saukar da shi can ƙasa ka ɗan matso da shi gaba, in yana sama a bayan akori motar za ta dinga ɗaga kai tana kifewa ta baya.

Kanike_Fagge

Sadiq ka duba yadda aka sa su a 9398 ɗin, kowane inji a kan aksul ɗinsa yake, ɗaya gaba ɗaya baya, babu doguwar sanda a tsakani da za ta ɗauki ƙarfinsu a haɗe. In haka zai yi ban ƙi ba. Abin da nake hana shi shi ne ya ɗora XL biyu a kan sanda ɗaya alhali ɗayan ma bai gama riƙe shi ba. Sannan in ya kulle na baya ya sani wani lokacin taya ɗaya ce za ta ɗauki ƙarfin duka, in akwai 'yar gaɓar nan mai lanƙwasa a wajen ita ce ke fara tsagewa, shi ya sa na nace a kai ragin gudu bakin taya.

Ummu_Hanan

Sannunku da ƙoƙari. Bari in sa baki a maganar rimot don ita na fi sani, da yarana muke yi. Baban Walid in dai a tsakar gida ne da rana, ka manta da infrared. Irin hasken rimot ɗin talabijin ne, hasken rana kuma cike yake da shi, sai ya rufe wa na'urar karɓar ido ta kasa gane saƙon, balle ranarmu ta nan. Sannan dole sai rimot na kallon motar, ta shiga bayan randa shikenan. A ɗaki ko bayan magariba yana aiki lafiya, tashoshi huɗu gare shi, kowace na'urar karɓa tana ɗaukar inji biyu, wato ja da sitiyari.

Abin da zan ja hankalinka a kai kar ka yi asarar kuɗi: Power Functions da ya fara a 2007 an daina yinsa, yanzu Powered Up ake yi, wanda a Technic suke kira Control+ tun 2019, da Bluetooth yake aiki ta manhajar waya. To bakin wayarsu ba iri ɗaya ba ne, XL ɗinka ba zai shiga sabon akwatin ba. Na'urorin karɓa na Bluetooth da ke ɗaukar tsohon baki su ne SBrick na ƙasar Hangari, shi sai ka haɗa shi da akwatin batir ɗinka, da BuWizz na Sulobeniya wanda batir ɗinsa na ciki ana cajinsa. BuWizz yana iya ba da wuta sama da bolt 9, motar ta yi ta tashi, amma da tsada, kuma a halin da giyoyinka suke yanzu ƙarin wuta ɓarna zai yi maka. Mai sauƙin kuɗi shi ne akwatunan da kamfanonin Chaina irin su Mould King da CaDA ke yi, batir da na'urar karɓa a haɗe, rimot ɗin na rediyo ne mai 2.4GHz ba ruwansa da rana, kuma bakinsu irin na Power Functions ne. Sai dai kafin ka biya ka tambayi mai sayarwa ko rimot ɗin yana ƙara gudu a hankali ne ko kuwa kunna-kashe ne kawai, don motar hawa tana son a lallaɓa ta, in wuta ta zo gaba ɗaya lokaci guda giya ce ke shan wahala.

Sitiyari kuma ka nemi injin Servo, yana juyawa digiri 90 hagu ko dama ya dawo tsakiya da kansa in ka saki. In bai samu ba ƙaramin injin M ma ya yi, amma ka sa masa farar giyar nan mai haƙora 24 wadda ke sulɓewa in abu ya kai ƙarshe, kar ya ɓalle maka sitiyarin.

Dan_Damagaram

Gaisuwa ga kowa. Ƙari kaɗan a kan batir, masu caji bolt 1.2 ne kowane, shida sun ba ka 7.2 kenan maimakon 9 na waɗanda ake yarwa, motar za ta ɗan rage gudu amma aljihunka zai huta don XL na shan batir. Sai rairayi, mu nan shi ne babban abokin gabarmu. In ya shiga ramin da sanda ke juyawa yana cin robar ne a hankali har ka ga farin gari a jikin sandar, daga nan ramin ya buɗe giya ta fara tsalle ko da haɗinka daidai ne. Kar ka shafa mata giris ɗin mota ko man inji, ba sa shiri da roba kuma ƙura suke kamawa. In kun gama wasa ka kakkaɓe ta da tsohon buroshin haƙori, kuma kar a bar ta a rana ko cikin mota a rufe.

Baban_Walid

Allah ya saka muku da alheri duka, wallahi na ƙaru. Malam Kanike mun gwada yadda ka ce, a difarenshal na gaba ne, ana riƙe tayoyin sai ka ga giyar mai 20 ta ja baya da sandarta. Na samu firam ɗaya a buhun na mayar da shi ciki, ƙarar ta ɗauke, yanzu tana haye dokin ƙofar. Gidajen tayar Unimog ɗin ma na gansu amma guda biyu ne kacal. Zan iya sa su a baya kawai in bar gaba yadda yake kafin in samu sauran? Hajiya Ummu Hanan na gode, na rediyon zan nema.

Kanike_Fagge

Madalla. Amma a'a, kar ka sa biyu kawai da 8 da 24 a ciki. Tayoyin baya za su koma juyi ɗaya duk lokacin da na gaba suka yi uku, kuma duk a kan sanda ɗaya suke, motar za ta dinga faɗa da kanta har wani abu ya karye. Gaba da baya dole lissafinsu ya zo ɗaya, ga shi kuma bayan zai fi gaban tsayi. Ka bar ta yadda take yanzu, ka nemi sauran biyun a BrickLink, shafin intanet na cinikin kayan LEGO, ana sayar da su ɗai-ɗai, sai dai kuɗin aikowa ya kan fi kuɗin kayan don haka ka haɗa da firam biyu ko uku da giyoyi masu 8 na ajiya a oda ɗaya, ko ku haɗa oda da Sadiq in yana da abin saye.