Shekara nawa digiri yake ɗauka a waje, kuma wace irin jami'a ta dace da yaro mai Bak D?

Wani uba daga Ali Ɗan Sofo

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka yi karatu a ƙasashen waje. Ɗana na fari ya ci Bak D, wato jarrabawar kammala sakandare ta fannin kimiyya, a bana, kuma burinsa ya zama injiniyan kwamfuta. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maradi, ban yi nisa a lakkol ba, kuma duk wanda na tambaya amsarsa daban. Wani ya ce a Faransa da Maroko shekara 3 ake yi, wani ya ce a Turkiyya 4 ne, abokin cinikina na Kano kuma ya ce a wurinsu injiniya sai ya yi 5. Akwai kuma wani mai nema wa yara gurbin karatu da ya kawo mini takarda mai hotunan wata makaranta a Indiya, ya ce shekara 3 kacal yaro ya fito injiniya. Shin digirin shekara 3 ya kai darajar na 4 ko 5? Kuma mene ne bambancin jami'ar gwamnati da mai zaman kanta da waɗanda ake kira manyan makarantu? Akwai ƙannensa a bayansa, dole in san shekarun da zan ɗauki nauyi kafin in sa hannu.

Malamin lissafi, unguwar Zariya

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a karatun yaro. Duk waɗanda suka ba ku waɗannan amsoshi gaskiya suka faɗa, abin da ba su bayyana muku ba shi ne daga inda kowace ƙasa take fara ƙidaya. A nan Nijar yaro yana yin shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise, wato 13 kafin Bak, haka ma tsarin Ingila 13 ne. A Najeriya da Turkiyya da Amurka kuwa shekara 12 ake yi kafin jami'a. Idan kuka haɗa 13 da 3, ko 12 da 4, duka 16 za ku samu, shi ya sa lisansin shekara 3 na tsarinmu yake tsaye kafaɗa da kafaɗa da digirin farko na shekara 4 na can. Tsarin da jami'o'inmu suke bi, wanda ake kira LMD, ya samo asali ne daga yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a birnin Bolonya a 1999: lisansi shekara 3, masta 2, dakta 3. Shi ake bi a Jami'ar Ɗan Dicko Ɗankoulodo ta nan Maradi, da ta Abdou Moumouni a Yamai, da Faransa da Aljeriya da Senegal.

Inda nake so ku tsaya da kyau shi ne kalmar injiniya, domin a nan ake cutar iyaye. A tsarin Faransanci, takardar injiniya tana bukatar shekara 5 bayan Bak. Wanda ya yi 3 ya samu lisansi a fannin kwamfuta, takarda ce mai daraja kuma ana samun aiki da ita, amma ba a kiransa injiniya. A Indiya ma digirin injiniya, wanda suke kira B.Tech, shekara 4 ne. Na shekara 3 digiri ne na kimiyya ko na sarrafa kwamfuta. Saboda haka ku ce wa mai takardar nan ya rubuta muku ainihin sunan digirin da yaro zai fito da shi.

Game da ire-iren makarantu a tsarin Faransanci, kashi uku ne. Akwai jami'a, inda ɗalibai suke da yawa, malami yana bayani a babban ɗaki, yaro shi ke kula da kansa. Akwai manyan makarantu, waɗanda ake shiga da jarrabawar gasa, sau da yawa bayan shekara 2 na share fage sannan 3 na ƙwarewa. Ɗalibai kaɗan ne, sa ido ya fi yawa, kuma su suka fi fitar da injiniyoyi. Ba sai an tsallaka teku ake samun irinsu ba: akwai EMIG a Yamai, da 2iE a Wagadugu, da ESMT ta Dakar wadda ƙasashe 7 har da Nijar suka kafa a 1981 domin fannin sadarwa. Na uku su ne gajerun karatun sana'a irin BTS na shekara 2, ga wanda yake son shiga aiki da wuri.

Tsohuwar ɗalibar Turkiyya

Baba, ina gaisuwa. Bayanin Malam ya gamsar, sai dai akwai shekarar da ba a rubutawa a takardun talla, ita ce shekarar koyon harshe. A Turkiyya na yi karatu da tallafin gwamnatinsu, kuma wannan tallafi yana wajabta shekara guda ta koyon Turkanci kafin a shiga aji, saboda haka 4 ɗin da aka gaya muku 5 ce a aljihun uba da kuma a rayuwar yaro, likita kuwa 6 ce da ta zama 7. Ko bayan na samu takardar harshen, a watannin farko ina ajiye wayata a kan tebur in ɗauki muryar malami, da dare in saurara ina tsayarwa jimla bayan jimla ina duba ƙamus, domin Turkancin kasuwa da na ɗakin karatu akwai tazara a tsakaninsu. Wanda bai yi haƙurin wannan lokaci ba shi ke maimaita aji, shekara ta ƙaru.

Haka abin yake a wurare da yawa. A Sin, wanda zai yi karatu da harshensu yakan yi shekarar Sinanci tukuna. A Jamus, wanda ba a karɓi takardarsa kai tsaye ba yakan yi shekarar share fage, ban da koyon Jamusanci. Yaronmu mai Faransanci idan ya nufi Indiya ko Maleshiya, Ingilishi zai tare shi a ƙofa.

Jami'o'in Turkiyya iri biyu ne, na gwamnati da na gidauniya, kuma na gidauniya su ne masu tsada, su ne kuma dillalai suka fi tallatawa domin suna samun kamasho a kan kowane ɗalibi. Tallafin gwamnati kyauta ake nemansa ta intanet tsakanin Janairu da Fabrairu, ba ya bukatar dillali. Ana so mai neman digirin farko ya kasance bai kai shekara 21 ba, kuma tallafin yana ɗauke da kuɗin makaranta da wurin kwana da inshorar lafiya da ɗan abin kashewa na wata.

Ɗan Maradi mai karatu a Kano

Ranku ya daɗe, ni ina ganin kada a raina na kusa. Daga nan zuwa Katsina ta Ɗan Issa da Jibiya tafiyar ƴan sa'o'i ce, yaro yana cikin Hausawa, abincinsa da masallacinsa ba su canza ba, idan ya yi ciwo kuna iya zuwa ku gan shi a ranar. A Najeriya jami'o'i iri uku ne: na tarayya irin Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, na jihohi irin Umaru Musa Ƴar'adua ta Katsina, da masu zaman kansu, kuma hukumar kula da jami'o'i ta NUC ce take tantance su duka. Kimiyyar kwamfuta shekara 4 ce, injiniyan kwamfuta 5 tare da watannin horo a ma'aikata, likita 6. Akwai kuma kwalejojin fasaha masu difloma ta shekara 2 da babbar difloma ta wasu 2.

Ba zan ɓoye muku matsalar ba. A jami'o'in gwamnati yajin aikin malamai yana ƙara wa karatu tsawo. Na 2022 ya ɗauki wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Masu zaman kansu ba sa shiga wannan yaji, amma kuɗinsu ya fi yawa nesa ba kusa ba. Kuma jin Hausa ba ya cire bukatar Ingilishi, domin da shi ake koyarwa da rubuta jarrabawa.

Malamin lissafi, unguwar Zariya

Abin da ƴaƴan nan biyu suka ƙara yana da amfani ƙwarai. Saura abu guda, Alhaji, wanda a ganina ya fi yawan shekaru muhimmanci: idan yaro ya dawo, takardarsa za ta bi ta ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yamai domin a daidaita ta da tamu, kafin ya shiga jarrabawar aikin gwamnati ko ya ci gaba da masta. Na ga saurayin da ya dawo da takarda mai kyawun zane daga wata makaranta mai zaman kanta, aka bincika aka tarar ko a ƙasar da take ba a amince da wannan fanni nata ba, gonar da aka sayar ta tafi, shi kuma ya koma shekarar farko. Makaranta mai zaman kanta ba aibu ba ce, akwai nagari a cikinsu, amma ku nemi shaidar amincewar hukumar ilimin ƙasarta a kan fannin da yaro zai yi. Idan a ƙasashen Afirka masu Faransanci take, ku duba ko CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta waɗannan ƙasashe mai mazauni a Wagadugu, ta amince da takardar. Ku kuma sa yaro ya riƙa bibiyar sanarwar ANAB, hukumar tallafin karatu ta Nijar, domin ta nan guraben tallafi na ƙasashe irin Maroko da Aljeriya suke fitowa, kuma a can ba zai ɓata shekara wajen koyon harshe ba.

Faransa kuwa, a 2019 an sa wa ɗaliban da ba ƴan Tarayyar Turai ba kuɗin Yuro 2,770 a shekara na lisansi da 3,770 na masta, na farkon ya haura sefa miliyan 1 da dubu 800, ban da haya da abinci, ko da yake jami'o'i da dama sun riƙa yafe wani ɓangare. Tun da aka rufe ofishin jakadancinsu a Yamai a farkon 2024, neman biza ma ya ƙara wuya.

Da ɗana ne, kuma ba mu samu tallafi ba, zan sa shi ya yi lisansinsa a gida yana koyon Ingilishi a gefe, sannan ya fita masta, wadda take shekara 2 a tsarin Faransanci, 1 a Ingila. Nauyin waje ya ragu daga shekara 5 zuwa 2, yaro ya tafi da hankalinsa ya nuna, ƙannensa kuma ba su tsaya jira ba.

Wani uba daga Ali Ɗan Sofo

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na tambayi mai takardar Indiya sunan digirin, ya ce na sarrafa kwamfuta ne, saboda haka na dakatar da maganar. Yaro zai yi rajista a jami'ar nan gida a bana, kuma zai nemi tallafin Turkiyya idan Janairu ta zo. Ƴata, idan ba damuwa, ki rubuto mana takardun da ake bukata domin mu fara tara su tun yanzu.