Neman kalma: furen da Turawa ke kira coral bells

Mai shirin lambu, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum malamaina. Gobe da ƙarfe 9 zan naɗi shirin lambu a rediyo, rubutun da nake fassarawa kuma a kan coral bells yake. Asalinsa daga Arewacin Amurka ne, masana na kiransa Heuchera, sunan wani likita Bajamushe, Heucher, suka ba shi. Na taɓa ganinsa a tukunya gidan yayata: ganyen ja-ja kamar ruwan zoɓo, furannin ƙanana suna reto a kan siririn kara. Me zan kira shi?

Ɗan Argungu: Ƙararrawar murjani, shi ke nan. Coral ai murjani ne.

Malama daga Gusau: Ƙanena, mai sauraro zai ɗauka ƙararrawar makaranta ake nufi. Kuma yawanci don launin ganyen ake shuka shi. Zafin rana na ƙona shi, ruwa ya kwanta masa a gindi ya ruɓe, in an dasa ba a binne wuyansa, bayan shekara 3 ko 4 a raba gindin. Tunda inuwa yake so, ni murjanin inuwa zan ce.

Baffa na Jega: Murjani Larabci ne. Mi ya hana mu ƙera namu? Ɗan kunnen amarya! Ku dubi yadda huren ke lilo.

Malama daga Gusau: Baffa, Allah ya ƙara girma, murjani ya daɗe da zama ɗan gida. Kakata da shi aka yi mata lefe, yana nan a adakarta har ta rasu.

Ɗan Argungu: Baffa, fure ake rubutawa.

Baffa na Jega: Wa ya ce? Hure na ji a bakin uwata, ɗana. Ko sai abin da Kanawa suka hwaɗa ne Hausa? Kabi ta yi Kanta da ganuwar Surame, ba ta nemi aron baki wurin kowa ba. Gidan rediyonmu, masu saurarenmu, amma a riƙa lanƙwasa harshe ana jin kunyar namu.

Ɗan Argungu: Ba kunya ba ce, daidaitacciyar Hausa ce ake koyarwa a aji.

Mai shirin lambu: Don Allah a tausaya mini, dare na yi. Akwai kuma sunansa na biyu, alumroot, saboda saiwar na da bauri kamar alif.

Malama daga Gusau: Wannan mai sauƙi ne, saiwar alif. Amma ki faɗa wa jama'a gaskiya: zafinmu na Afrilu da ke haura digiri 40 zai wahalar da shi, sai a tukunya, ƙarƙashin rumfa.

Mai shirin lambu: Na ɗauki murjanin inuwa, zan ambaci sunan Turancin sau ɗaya a farko. Baffa, a bakin makirufo hure zan ce, a takarda fure.

Baffa na Jega: To, ba laifi. Amma in ɗiyata ta shuka shi gidana, ɗan kunnen amarya ne sunanai.