Makoko: ƙauyen masunta ne ko unguwar 'yan kama-wuri-zauna?

Alhaji mai fataucin albasa, Gada: Shekara goma ina kai kaya kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma duk lokacin da na hau gadar Third Mainland ina hango bukkokin katakon Makoko a kan ruwa, hayaƙi ya lulluɓe su. A ganina kiran wurin ƙauye mai tarihi ƙawata magana ne kawai, domin mutane ne suka rasa muhalli a Legas suka kafa turaku a cikin tafki.

Malamin tarihi, Mabera: Alhaji, da girmamawa, abin da ka hango daga mota bai isa hujja ba. Masunta 'yan ƙabilar Egun, daga wajen Badagry da ƙasar da ake kira Jamhuriyar Benin a yau, sun zauna a wurin tun ƙarni na 19, alhali ba a kammala gadar da kake magana ba sai 1990. Birnin ne ya girma ya same su. Hayaƙin kuwa akwai na matan da ke bandar kifi a cikinsa.

Hajiya, Runjin Sambo: Malam, daɗewa ba ta wanke ƙazanta. Makewayinsu cikin ruwan yake zuba, kuma a cikinsa yara ke wasa. Ko makarantar da ke yawo a kan ruwa, wadda mai zanen gine-gine Kunle Adeyemi ya zana, an gina ta a 2013, ruwan sama ya rushe ta a 2016.

Wani Basarke, Wamakko: Hajiya, ni a gulbi na tashi, saboda haka zan faɗi abin da na sani. Masunci ba ya nisa da kwalekwalensa, domin da asuba yake duba tarunsa, kuma yaron da ya iya riƙe filafili tun kafin ya iya karatu ba baƙo ba ne a ruwan. A watan Yulin 2012 gwamnatin Legas ta ba mazauna Makoko wa'adin awa 72 su tashi, sannan ta rushe gidaje masu yawa. Da za a yi wa Sarkawan Argungu haka a bakin kogin Matan Fada, wa zai kira su 'yan kama-wuri-zauna?

Alhaji mai fataucin albasa, Gada: Na karɓi gyaran Malam game da shekaru. Sai dai Argungu tana da sarki da fada da ƙasar noma, kuma ba duk mazauna Makoko na yanzu ne masunta ba. Da yawa 'yan haya ne da tsadar ɗaki ta koro daga tudu. Su ma tarihin Egun ya rufe su ke nan?