Komawa da zama ƙaramin garin bakin teku na 'yan yawon buɗe ido: me za mu duba?

Mai_Niyya:
Assalamu alaikum jama'a. Muna tunanin tattara namu-ya-namu mu koma wani ɗan gari a bakin teku, irin wanda mazaunansa ba su wuce dubu biyu ba amma yake cika maƙil da baƙi wata uku zuwa huɗu a shekara. Mu huɗu ne, har da yara biyu 'yan firamare. Aikina ta intanet ne, uwargida kuma tana son buɗe ɗan shago. Haya ya kamata mu fara ko saye? Kuma me ke ba sababbin zuwa mamaki?

Hajiya_Dillaliya:
Wa alaikumus salam Malam. Haya, kuma ta shekara guda cur, kafin a yi maganar saye. Garin da kuka gani lokacin baƙi daban yake da wanda za ku zauna a ciki sauran wata takwas. Ku je a tsakiyar lokacin da baƙi suka watse, ku yi aƙalla mako biyu, ku ƙirga shagunan da ke buɗe ranar Talata da yamma. Wannan ne garin na gaskiya.

Ku karanta yarjejeniyar haya da idon basira. Masu gida da yawa a irin waɗannan garuruwa suna ba da haya mai sauƙi na wata takwas ko tara kawai, da lokacin baƙi ya zo sai su ce a fita, don kuɗin kwana-kwana ta Airbnb, manhajar ba baƙi hayar masauki, ya fi musu na wata. Lokacin kuwa babu ɗakin da za ku samu. A rubuta wata 12 ƙarara, da sharaɗin sabuntawa.

Ga uwargida kuma: in cinikin gaske na mako 16 ne, hayar shago kuwa ta mako 52 ce, to kowane mako na ciniki zai ɗauki nauyin fiye da mako uku. Shagon da ke sayar wa 'yan gari abin da suke buƙata kullum ya fi na tsarabar baƙi daɗewa, ko da ribarsa ba ta kai ba.

Injiniya_Gini:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai ni abin da ya fi damuna gidan ne kansa. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, kuma gidan da ke 'yan mitoci ɗari daga ruwa shi ya fi shan wahala.

Fara da kankare. Gishiri yana ratsa shi a hankali har ya kai ga rodi. Da rodi ya yi tsatsa sai ya kumbura ya tsage kankaren daga ciki. Ka duba ƙarƙashin baranda, ginshiƙai da saman tagogi: in ka ga tsaga doguwa tana bin layin rodi, ko jan ruwan tsatsa ya zubo a bango, ɓarnar ta riga ta fara. Ka ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Inda ya yi ƙara kamar fanko, kankaren ya rabu da rodi. Fenti sabo fil a gefen da ke fuskantar teku kaɗai abin tuhuma ne. A sabon gini a bakin teku ana son kaurin kankare a kan rodi ya kai milimita 50 ko kusa da haka.

Ƙarfen waje kuma, kada a ruɗe ka da kalmar sitenles, wato ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa, don kala-kala ne. Lamba 304 tana yin tabo da ƙananan ramuka a iskar gishiri. Lamba 316 ake so, don tana da sinadarin molibdenum kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, shi ke tare gishirin. Ƙusoshi da notin rufi su zama 316 ko waɗanda aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya. Sau da yawa kwanon rufi lafiyarsa ƙalau, ƙusar ce ta cinye, sai iska mai ƙarfi ta zo ta yaye shi. Ɓangaren na'urar sanyaya ɗaki da ke waje a riƙa wanke shi da ruwan daɗi a kai a kai, haka ma ƙarƙashin mota.

Cikin gida, danshi ne abokin gaba. In ya zauna sama da kashi 60, fumfuna za ta kama bayan kabad da takalma da littattafai. Buɗe kabad ɗin da ke jingine da bangon waje ka shinshina, hanci ba ya ƙarya.

Sai ambaliya. A yawancin gaɓoɓi teku tana cika sau biyu a yini, kusan sa'a 12 da minti 25 tsakani, kuma cikar ta fi girma a kwanakin sabon wata da na cikar wata, wato duk mako biyu. Ka je ka tsaya a ƙofar gidan a irin wannan ranar ka ga inda ruwa ke tsayawa, ka leƙa kwalbatoci ko ruwa yana dawowa ta cikinsu. Idan guguwa ta haɗu da babbar cika, nan ake asara. Tsayin teku ya ƙaru da kusan santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, saboda haka "ruwa bai taɓa shigowa nan ba" ba hujja ba ce. Nemi taswirar ambaliya daga hukuma, kuma ka sa kamfanin inshora ya ba ka farashi a rubuce kafin ka biya ko kafin alƙalami. A wurare da dama inshorar gida ba ta haɗa da ambaliya.

Nas_Mai_Ritaya:
Ɗan'uwa, auna nisan asibitin da ke da ɗakin tiyata da agogo, ba da kilomita ba, kuma ka auna a ranar cunkoson baƙi. Irin waɗannan garuruwa galibi hanya ɗaya ce shiga da fita. Allurar narkar da gudan jini ga mai shanyewar ɓarin jiki ana son a yi ta cikin sa'a huɗu da rabi da farawar ciwon, har da lokacin ɗaukar hoton kai. Ka tambayi inda motar asibiti ke kwana, da ko kantin magani na buɗe duk shekara. Intanet ma ka gwada shi da dare lokacin baƙi, don turken waya ɗaya da aka kafa wa mutum dubu biyu ba ya iya da dubu goma.

Mai_Niyya:
Allah ya saka da alheri. Injiniya, gidan da muke dubawa rijiyar burtsatse gare shi, da sokawe. Akwai matsala?

Injiniya_Gini:
Akwai abin dubawa, Malam. A bakin teku ruwan daɗi yana zaune ne a kan ruwan gishiri a ƙarƙashin ƙasa. Ƙa'idar ita ce duk mita ɗaya na ruwan daɗi sama da tsayin teku yana da kusan mita 40 a ƙasa, don haka in aka ja ruwa ya sauka kaɗan, gishiri yana tasowa da yawa. Lokacin baƙi kowa ke ja, shi ya sa gwajin da aka yi bayan ruwan sama ba ya nuna komai. A ɗebi ruwan a ƙarshen kakar baƙi a kai ɗakin gwaji: in kuloraid, wato sinadarin gishiri, ya wuce miligiram 250 a lita, ruwan ya fara ɗanɗanon gishiri. A gwada ƙwayoyin cuta ma, don inda ƙasa yashi ce kuma ruwa na kusa, ƙazantar sokawe tana isa rijiya da sauri. Tazarar rijiya da sokawe ta kai mita 30 in da hali, kuma ka tambayi yaushe aka yi kwasar ƙarshe.