Tsohuwar Sega ɗina tana kawo baƙin layi yana hawa sama a talabijin

Ɗan Kurna:

Assalamu alaikum jama'a. Masu sanin kayan wuta, don Allah ku duba min wannan. Satin da ya wuce muna fitar da kayan ɗakin Hajiyarmu za a yi fenti, sai na ci karo da tsohuwar Sega ɗina, na'urar gem ɗin nan da ake haɗawa da talabijin, a cikin jakar bakko ƙarƙashin gado. Mega Drive ce ƙirar farko, mai faɗin nan da take da ramin iyafis a gaba da ɗan makunnin ƙara sauti. Kawuna ne ya kawo min ita tsaraba daga Ingila ina firamare. Hannu biyu suna nan, kaset uku suna nan (Sonic, Streets of Rage, da wani na ƙwallo da takardarsa ta ɓare), wayar eriya ma tana nan, sai dai ɓera ya ɗan taɓa ta a tsakiya. Adafta ce kawai babu.

Na shiga kasuwa na sayo adafta irin wadda ake murɗa mata makunni daga 3 zuwa 12, na sa ta a 9. Na haɗa da tsohon talabijin ɗinmu mai ƙeya, inci 21, ta ramin eriya, na yi ta sacin har hoto ya fito. Wallahi da na ga tambarin SEGA sai da na ji kamar in yi ƙwalla. To amma ga abin da nake fama da shi. Akwai wani baƙin layi mai kauri, kamar faɗin tafin hannu, yana tasowa daga ƙasa yana hawa sama a hankali, in ya ɓace wani ya biyo. Duk inda ya ratsa sai hoton ya ɗan karkace. Da rana da sauƙi, bayan magariba kuwa abin ba kyan gani. In muka tada janareta sai gudun layin ya riƙa canzawa, wani lokaci ma ya juya ya koma ƙasa. Ga yayyafi a hoton. Sauti kuma babu, sai shiiii kawai, amma in na sa iyafis a jikin gem ɗin ina jin kiɗan Sonic tas.

Yarana sun zuba ido, na riga na cika musu baki cewa babansu gwani ne. Gem ɗin ne ya mutu ko talabijin?

Sarkin Fad:

Wa alaikumus salam. Kai, ka tuna min da gidan gem na unguwarmu, inda duk wanda aka ci zai miƙa hannu ya koma layi. Ka ciro kaset ɗin ka hure shi sosai ka mayar, mu dai haka muke yi a da. In bai yi ba ka ɗan bubbuga gefen talabijin ɗin.

Mai Gyaran Rediyo:

Sarkin Fad, hurawar nan ka bar ta. Danshin baki ne yake sa haƙoran kaset su yi tsatsa. In kaset ya yi datti, auduga da ɗan sifirit ake goge shi. Kuma kaset ba ya kawo layi mai tafiya: ko dai gem ya tashi, ko ya tsaya a baƙin allo.

Ɗan Kurna, gem ɗinka lafiya lau yake, tunda ka ce kana jin kiɗa a iyafis. Ciwo uku ne suka haɗu maka wuri ɗaya, shi ya sa abin ya rikita ka. Bari in fara da babban.

Baƙin layin nan daga adaftarka yake. Juya ta ka karanta abin da aka rubuta a bayanta. Na tabbata za ka ga 500mA ko ƙasa da haka. Adaftar asali ta wannan ƙirar 10V ce, 1.2A (daidai da 1200mA), wato wadda ka sayo ba ta kai rabin abin da ake buƙata ba. A cikin irin wannan adaftar akwai taransifoma, da diyod, da kwandansa guda ɗaya da aikinta shi ne ta daidaita wutar ta zama shimfiɗaɗɗiya. In an ja mata kaya fiye da ƙarfinta, wutar da take bayarwa sai ta riƙa hawa da sauka tare da bugun wutar gari. A cikin Sega kuma akwai ragileta mai lamba 7805 da ke mayar da wutar 5V, kuma tana son a ba ta wajen 7V ko sama kafin ta riƙe aikinta. Duk lokacin da wutar adafta ta nutse ƙasa da haka, hoton ya dushe a wannan wurin. Layin da kake gani ke nan.

Dalilin tafiyarsa kuwa, wutar gari tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, Sega ta Turai kuma tana zana hoto ƙasa da sau 50 da ɗan kaɗan. Da sun yi daidai cif, layin tsayawa zai yi wuri ɗaya. Ɗan bambancin nan ne yake sa shi rarrafe. Janareta ba ya tsayawa a 50, in an kunna firij ya ja baya, in an kashe ya zabura, shi ya sa ka ga layin yana canza gudu har yana juyawa. Bayan magariba kuma kowa ya kunna kayansa, wuta ta yi rauni, adaftar da dama can da ƙyar take numfashi sai ta ƙara faɗuwa. Bayaninka da kansa ya nuna ɓarawon.

Ka nemi adafta mai 9V ko 10V, DC, aƙalla 1.2A. Ka kula da zanen da ke jikinta: wannan ƙirar tsakiyar bakinta negatif ne, akasin yawancin adaftocin da ke kasuwa yanzu. Mega Drive 2, ƙaramar, ita tsakiyarta fozitif ne kuma bakinta daban, kada a haɗa maka su. Kuma ko kyauta aka ba ka adaftar Nintendo NES kada ka soka, bakin zai shiga amma AC take bayarwa, za ta yi maka ɓarna. In da mai mita kusa da kai, ya auna maka kafin ka jona.

Yayyafi kuma wayar da ɓera ya ci ce. Ragar ƙarfen da ke zagaye da wayar ita ke tare hayaniyar waje, in ta yage komai shiga yake, har ƙwan lantarki mai arha da cajar waya. Ni shawarata ka rabu da ramin eriya gaba ɗaya. Duba bayan gem ɗin, akwai wani zagayayyen rami mai ƙofofi 8. Wayar AV ake sokawa a nan, ta fito da rawaya na hoto da fari na sauti. Hoton ya fi na eriya nesa ba kusa ba.

Sautin ma da AV zai dawo. Amma in kana son ka ji shi yau ɗin nan, shiga menu na talabijin wajen sacin, ka nemi inda aka rubuta BG, I, DK, wato tsarin sautin talabijin na ƙasashe daban-daban. Kayan Ingila a kan I suke, sautinsu yana nesa da hoto da 6.0MHz, shi kuwa BG 5.5 ne. Talabijin ɗinka yana neman sauti a inda babu shi. Mayar da shi I.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka kwance bayan talabijin mai ƙeya. Yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi daga soket.

Ɗan Kurna:

Malam, Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Na juya adaftar, 300mA ma aka rubuta, kuma ashe zafi take yi kamar dutsen guga, ban lura ba sai yanzu. Na mayar da talabijin I, sauti ya fito nan take, har ƙaramar 'yata ta yi tsalle. Gobe in sha Allah zan nemo adafta da wayar. Tambaya ɗaya: in na samu AV ɗin, zan iya kai gem ɗin falo in haɗa da talabijin na bango? Mai ƙeyar nan uwargida ta daɗe tana so a fitar da shi.

Ɗan Maraɗi:

Sannunku da aiki. Ka gode wa Allah taka daga Ingila ta zo. Tawa daga Faransa aka kawo ta, ko ramin eriya ba ta da shi, sai waya mai faffaɗan bakin nan na SCART mai haƙora 21, wanda mu nan muke kira Peritel. Na sha wahala kafin in samu talabijin da zai karɓe ta.

Game da na bango, na gwada, ga abin da na gani. Waɗannan tsofaffin gem ɗin suna fitar da hoto ta wata hanya da talabijin mai ƙeya yake karɓa ba gardama, amma sababbin da yawa ba sa gane ta daidai. Wani zai ce babu sigina, wani zai nuna amma hoton ya yi dishi-dishi, in Sonic ya ruga sai ka ga gefensa yana tsattsagewa kamar haƙoran matsefi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne jinkiri: ka danna tsalle, sai ka faɗa rami kafin ya tashi. In talabijin ɗin yana da Game Mode ka kunna, yana ragewa, ka kuma mayar da girman hoto 4:3 don kada mutane su zama gajeru masu ƙiba. Ƙananan akwatunan nan masu arha da ke mayar da AV zuwa HDMI sukan ƙara jinkirin ne ma. Ni dai a ganina ka lallashi uwargida, mai ƙeyar nan shi ne abokin Sega.

Ɗan Kurna:

Jama'a ga yadda aka ƙare. Na samu adafta 9V mai 2A, mai gyaran da ke bakin layinmu ya auna ta, ya ga tsakiyarta fozitif ne, ya yanke wayar ya juya ta ya liƙe da dalma. Baƙin layi ya tafi, jiya har ƙarfe goma na dare muna bugawa a janareta ban gan shi ba. Wayar AV sai da na zaga shaguna huɗu, uku suka miƙo min ta Mega Drive 2 mai ƙaramin baki, na huɗun ne ya tono min ta gaske daga ƙasan kwali. Yayyafi babu.

Na bango na gwada, yadda Ɗan Maraɗi ya faɗa haka ne, babban ɗana ya cinye ni sau uku na ce laifin talabijin ne. Mai ƙeya ya koma ɗakin zaure, an yi sulhu.

Saura abu ɗaya, Malam. Yanzu da hoton ya washe, ina ganin wasu siraran layuka a tsaye, ba sa motsi, sun fi fitowa a shuɗin sama na Sonic. Su ma adafta ce?

Mai Gyaran Rediyo:

A'a, waɗannan daga cikin allon gem ɗin suke. Layin da ke ɗauke da siginar launi ya bi kusa da layukan hoto, sai ɗan abu ya tsallaka. Da yawan ƙirar farko haka suke, tun kana firamare ma suna nan, yayyafin eriya ne ya rufe maka su. Ana gyarawa amma sai an taɓa allon da abin liƙi, kuma ban ba ka shawarar a yi wa na'urar da ta haura shekara 30 wannan tiyatar ba. Rage Sharpness a talabijin ɗin ka matsa baya kaɗan. In wata rana baƙin layin ya dawo alhali adafta lafiya, to kwandansocin ciki ne suka bushe, sai ka kai a canza su.