Wai me ake ce wa prairie da Hausa?

Ɗalibar_Fassara:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah a taimaka min, an ba mu aikin fassara wani rubutu na labarin ƙasa sai na ci karo da kalmar prairie, na duba ƙamus ya ce fili mai ciyawa, to a shafi na gaba kuma ga steppe ga pampas ga savanna, duk dai ƙamus ɗin abu ɗaya yake maimaita min. In na rubuta fili mai ciyawa har sau huɗu ai malami cewa zai yi lalaci ne. Na fara sa dausayi amma raina bai kwanta ba. Da bambanci ne a tsakaninsu, ko Turawa ne kawai da son tara suna?

Malam_Taswira:
Wa alaikumus salam Malama. Ai abin dariyar ma duk cikinsu ba ta Ingilishi ko ɗaya, aro suka yi. Prairie ta Faransanci ce, ma'anarta makiyaya kawai, Faransawan da suka kutsa tsakiyar Amurka ta Arewa a ƙarni na 17 ne suka tarar da ciyawa iya ganin ido ba bishiya, ba su da wata kalma sai wadda suke kiran ɗan filin kiwon garinsu da ita, shi ke nan suna ya bi wuri. Steppe daga Rashanci take, ita ce shimfiɗar da ta taso daga wajen Yukiren ta ratsa Kazakistan har Mongoliya. Pampa kuma harshen Kecuwa ne na 'yan asalin Kudancin Amurka, ma'anarta shimfiɗaɗɗen fili, tana Ajantina da Yurugwai da kudancin Barazil. Afirka ta Kudu suna cewa veld, shi ma fili yake nufi a Afirkans. Kin ga kowa fili ya ce da bakin uwarsa.

Wadda ta fita daban ita ce savanna, don ita ta ƙasashen zafi ce, damina da rani, kuma akwai bishiyoyi jefi-jefi a cikinta. Sauran ukun da kika ambata na ƙasashe masu hunturu ne, a prairie da steppe har dusar ƙanƙara ke rufe ciyawar, kuma sai ki yi tafiya mai nisa ba ki samu inuwar da za ki fake ba sai dai a bakin kogi.

Ɗan_Makiyayi:
Gara da ranki bai kwanta da dausayi ba Yaya. Dausayi wuri ne mai damshi, kore shar ko da kewayensa ya bushe, kuma ba ya da girman a zo a gani. Fadama ma ba ta shiga nan, ita sai inda ruwa ke kwanciya, in ma za a ba ta wani to llanos na Benezuwela da Kwalambiya ya fi dacewa da ita don shi kam kogin Orinoko da rassansa na malale shi duk damina. Daji ko dawa kuwa da ka faɗa Bahaushe bishiya da ƙaya zai hango. Ni dai makiyaya zan ce, tunda Malam ya ce asalin kalmar ke nan. Wani abu da ya burge ni, babbar ciyawar prairie ɗin nan da ke wuce tsayin mutum 'yar gida ɗaya ce da gamba a wajen masana tsirrai, duka biyun Andropogon ake ce musu, to in kin san yadda gamba ke tashi kin gama ganin hoton.

Baba_Manomi:
Yaro makiyaya kam da sauran magana, don yau in ka je can masara da alkama da waken suya za ka gani. Da ne take makiyaya, lokacin da ɓaunar Amurka ke yawo a cikinta miliyoyi, aka bi su da bindiga har ya zama kafin 1900 waɗanda suka rage a daji ba su kai dubu ba. Kuma fa prairie ɗin ba iri ɗaya ba ce, duwatsun Roki ne ke tare ruwan da ke tasowa daga yamma shi ya sa ciyawar gindinsu gajera ce, kana yin gabas ruwa na ƙaruwa tana ƙara tsayi har ka iso jihohin Ayowa da Ilinoi inda doguwar take. Ita doguwar an ƙiyasta ta kai eka miliyan 170 a da, yanzu abin da ya saura bai kai kashi 4 cikin 100 ba, mafi yawansa a tuddan Flint na jihar Kansas, su ma duwatsu ne suka hana garma shiga. Saiwar ciyawar a sarƙe take kamar tabarma ga ƙasar da danƙo tana like wa garmar da Turawa manoma suka zo da ita, sai a 1837 wani maƙeri John Deere ya ƙera ta ƙarfe mai santsi wadda ƙasa ba ta kama ta, a 1862 kuma gwamnatin Amurka ta yi dokar ba duk wanda zai zauna ya noma eka 160. Da suka kai garma yankin gajerar ciyawa suka tuge abin da ke riƙe ƙasa sai fari ya zo a shekarun 1930, iska ta dinga kwashe gonaki, ranar 14 ga Afrilu 1935 ƙura ta mai da rana dare a Oklahoma da Tekzas.

Ɗalibar_Fassara:
Tabɗi, na zo neman kalma ɗaya na samu darasi guda, Allah ya saka da alheri Baba. Abin da zan yi, zan bar wa kowanne sunansa in rubuta shi da Hausa, firari, sitef, famfas, sabana, sai a farkon ambato in ɗan yi bayani, kamar firari wato shimfiɗaɗɗen filin ciyawa marar bishiya na tsakiyar Amurka ta Arewa. Amma akwai wajen da rubutun ya sa kalmar da babban baƙi yana maganar Kanada, shi ma hakan zan yi?

Malam_Taswira:
A'a wannan sunan yanki ne, larduna uku ake nufi, Albata da Saskacewan da Manitoba, ko da kuwa arewacinsu kurmi ne ba ciyawa ba. Ki ce lardunan Firari na Kanada, ki jero sunayen.