Masu jinyar ciwon ƙin cin abinci don tsoron ƙiba, me ya taimake ku?

Uwa daga Mabera:
Assalamu alaikum. Ɗiyata shekarunta 15. Da azumin Litinin da Alhamis ta fara, muna ta sa mata albarka, sai ya koma kusan kullum, buɗa-baki kuma ruwa da dabino. Yanzu al'adarta ta ɗauke, tana jin sanyi cikin zafin nan na Sakkwato, amma in ta dubi madubi sai ta ce ta yi ƙiba. Likita ya ce anoreksiya ce, maganinta zama da masanin halayyar ɗan Adam. Don Allah wanda ya bi wagga hanya ya faɗa mini abin da ya gani.

Wani daga Gwiwa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ƙanwata ta yi shi. Mun daɗe muna sayen maganin olsa da na sa cin abinci, ashe yunwa tana jin ta sarai, tsoro ne ke hana ta ci. Abin da ya tashe ta shi ne jinyar da ake haɗawa da iyaye, wadda aka faro a asibitin Maudsley na Landan, kuma ita ake fara gwadawa ga masu ƙasa da shekara 18. Zama kusan 20 ne cikin shekara guda. Da farko abincin ya koma hannun Inna da Baba, su ke zuba mata, su zauna har ta cinye, ba tsawa ba duka, bayan nan a tsaya da ita kada ta je ta amayar. Ta yi kuka, ta ce ba mu son ta. Sai da jikinta ya fara dawowa aka riƙa sakar mata ragama kaɗan-kaɗan. Maganar da ta kwantar wa Inna da hankali ita ce da aka ce mata ba tarbiyyarta ta jawo ciwon ba.

Wata daga Runjin Sambo:
Ni da kaina na yi, ina jami'a. Manya akan bi da su ta CBT, wato jinyar gyara tunani da ɗabi'a ta hanyar tattaunawa, zama har 40, mako-mako. Ina rubuta abin da na ci da tunanin da ya zo mini, in hau sikeli mu duba tare da mai yi mini jinyar, in ga tuwon dare bai yi mini abin da nake tsoro ba. Hajiya, ki roƙi dangi su bar ce mata "kin yi ƙiba, kin yi kyau." A wurinmu yabo ne, amma wallahi ni yakan mayar da ni baya.

Ma'aikacin jinya daga Arkilla:
Kada a ɗura mata abinci da yawa lokaci guda. Jikin da ya daɗe da yunwa, sinadarin fosfet na jininsa kan faɗi in an yi haka, ya taɓa zuciya. A gwada jini da bugun zuciya tukuna, in likita ya ce a kwantar da ita, a yarda.

Uwa daga Mabera:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Babanta ne ba ya son a ji sunan Kware, inda asibitin masu taɓin hankali yake, ga Ramadan tafe.

Wani daga Gwiwa:
Haka Babanmu ya yi. Akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo, ku fara daga can, kuma ya shiga zaman da kansa. Azumi kuwa, likita ya hana ƙanwata, malaminmu ya zauna ya karanta mata rangwamen da Allah ya yi wa marar lafiya, sannan ta yarda ta sha.